Taubashina a Gaban Alƙali

Talata, 10 ga Satumba, 2024

Ɗan Asabe ya sake yi. Wannan karon rahoton hanyar Janbako ya kwashe, wanda na kusa barin ƙafata a kansa.

Jiya da safe jaridarmu, Bakin Gulbi, ta sa shi a shafinta na intanet da sunana a sama, Zubairu Nagode. Kafin azahar yana shafinsa na Fesbuk, wai shi Kunnen Kasuwa, tun daga kanun labari har ɗigon ƙarshe, da hotunan da na ɗauka. Sunana kaɗai ya cire, ya rubuta "daga wakilinmu". Wane wakili? Mutumin da iyakar tafiyarsa daga kara zuwa rumfar mai shayi.

Ni na hau kabu-kabu daga Maradun, a hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Muka faɗa cikin laka inda ruwa ya cinye kwalbati, salansar babur ta ƙone ni a ƙauri. Ni na kwana a Dosara, na zauna da matan da ke soya ƙuli-ƙuli suna gaya mini yadda man gyaɗarsu ke lalacewa a ɗaki don babu hanyar kai shi kasuwa. Har yau ciwon bai bushe ba. Suwaiba ke wanke mini shi, tana wankewa tana tsaki, wai ta auri ɗan jarida ta zama malamar asibiti.

Na same shi a karar shanu ta nan Mafara da hantsi, yau Talata ranar kasuwa, yana dillancin wani bijimi. Na ce ya sauke labarin. Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya wajen mutane. "Ku gane mani bawana, yau shi ad da bakin magana! Kai da alƙalamin naka dut nawa na." Ya fizge hulata ya ɗora a kan tasa. Aka yi ta dariya, har Fulanin da suka kawo shanu. Dole na yi yaƙe.

Abin da ya ɗaure ni ke nan. Ɗan Goggo Shatu ne, ƙanwar marigayi Baba, wato taubashina. Tun muna yara shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Ya ɗauke mini takalmi, in cinye masa nama, kuma wanda ya yi fushi shi ne abin dariyar gida. To amma takalmi daban, aikina daban. Na dawo gida ba hula, raina a ɓace.

Alhamis, 12 ga Satumba

Wani gidan rediyo ya kira shi ya yi bayani a kan hanyar Janbako. Ya kuwa yi, ba kunya, har da "sa'ad da munka isa Dosara". Na kashe rediyon kafin in fasa ta.

Asabar, 14 ga Satumba

Hajiya Ramla, editarmu, ta kira daga Gusau. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce rahoton da ya fi kowanne wahala a watan nan, shafinmu fayau kamar kasuwar Mafara ranar Laraba, jama'a duk suna can wajen Ɗan Asabe suna sa albarka. Masu ba mu talla sun fara tambayar amfanin da muke musu. Kuma ba ni kaɗai yake kwashe wa ba, duk wakilanmu ya taɓa. Ta ɗauki lauya, wani Barista Anwar, za a fara da wasiƙar gargaɗi, in ya ƙi sai kotu. Ni ne babban shaida.

Na ce mata, Hajiya, taubashina ne fa. Ta ce, "Taubashinka na, ba taubashin jarida ba. In ba ka iya tsayawa ga aikinka, ban ga dalilin ci gaba da tura ka ba."

To ga shi nan. Ko in tsaya gaban alƙali a kan ɗan Goggo, ko in ajiye aikin da na fi iyawa a duniya. Shi ya jefa ni cikin wannan, kuma ina da yaƙinin yanzu haka yana can yana shan shayinsa.

Laraba, 25 ga Satumba

Wasiƙar lauya ta isa gare shi. Ya ɗauki hotonta ya manna a shafin, ya rubuta a sama: "Bawana ya kai ni ƙara, jama'a ku taya ni kuka." Da alamar dariya a jere.

Na zauna na karanta sharhin mutane, ban san abin da ya kai ni ba. Mai hassada. Ɗan boko mai cin zumunci. Wani ya ce labari na jama'a ne, ba gonar uban kowa ba. Wani da muka yi firamare tare ya rubuta wai dama tun ina yaro ba na ba da aron biro. Ƙarya yake, shi ne ba ya mayarwa.

Na kira Hajiya na ce a shigar da ƙarar, ina nan.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Goggo Shatu ta zo daga Bakura, ba aike ba sanarwa. Suwaiba ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo fura, ko kallon kwanon ba ta yi ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

Abin da na riƙe daga maganarta: "Ni da ubanka ciki guda munka hito. Tun da anka kahwa gidanmu ba a taɓa jin wanda yak kai taubashinai ƙara ba, kai za ka hwara?" Na ce Goggo, ba ni na kai shi ba, jarida ce. Ta ce jarida ba ta sha nono gidanmu ba. Na ce sata ya yi mini. Nan ta ɗaga murya. "Mi yas sata? Labarin naka ba shi nan inda ka aje shi? Akuya ta, da za ka ce ka duba turke ba ka gan ta ba?"

Na rasa yadda zan bayyana mata. Abu yana nan, kuma an sace shi. Na yi ta kame-kame da maganar shafi da masu talla, ta tashi ta gyara mayafi. Ta ce in na tsaya gaban alƙali a kan ɗanta, kada in ƙara taka mata zaure.

Ita ce ta yi jinyar Baba har ya cika. Na raka ta tasha tana gaba ina baya kamar ɗan dako. Duk da haka ba zan janye ba. Me ya sa ba ta je ta ce wa ɗanta ya sauke ba? Ni ne mai sauƙin tanƙwarawa, shi ya sa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Gusau, ofishin Barista Anwar. Yaro ne ƙarami, gemu a gyare, sai kaɗa biro. Amma ya san abin da yake yi.

Ya ce doka ba ta hana kowa ba da labari ba. Ruwa ya cinye kwalbati a hanyar Janbako, wannan ba mallakar kowa ba ne, Ɗan Asabe na iya faɗa da bakinsa yadda ya ga dama. Yana ma iya ɗaukar ɗan yanki daga rubutuna ya yi sharhi a kai, muddin ya ambaci mai shi da inda ya samo, doka ta yarda da wannan amfani na adalci. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a kwashe aiki ɗungurungum, da hotuna, a goge suna, har mai karatu ya rasa dalilin zuwa wurin mai abu. Ya ce lauyansu zai fake da cewa don amfanin jama'a aka yi, kuma zai ce ni na ba da izini a fakaice.

Na ce wane izini? Ya ce mu dai jira. Na sa hannu a bayanin shaidata.

Talata, 5 ga Nuwamba

Dangin uban Ɗan Asabe duk mahauta ne, na manta da wannan. Na je sayen nama wajen Imrana, inda nake saye shekara da shekaru, ya zuba mini ƙashi da jijiya. Na ce Imrana, wannan fa? Ya ce, "Kai ni kotu." Rumfa ta ɗauki shewa.

Na bar masa namansa. Yau miyar kuka da daddawa muka sha, kuma ba mu mutu ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Na koma Dosara don rahoton biyo baya. An cike ramin, an sa sabon kwalbati. 'Yan kasuwar gyaɗa ne suka haɗa hannu suka gyara, bayan maganar ta bazu.

Na sami tsohuwar nan mai ƙuli-ƙuli, Inna Bushra, wadda na buɗe rahoton da maganarta. Ta gane ni, ta cika mini leda da ƙuli. Ta ce jikanta ya karanta mata maganarta a waya, kalma bayan kalma, har ta yi hawaye. Sai ta ce in na koma Mafara in gaishe da Ɗan Asabe, "wanda yak kai kukanmu. Kai yaronai na ko?"

Na ce mata a'a. Na tambayi jikan ko ya taɓa buɗe shafin Bakin Gulbi. Ya ce ya gwada sau ɗaya, shafin ya yi ta juyawa har datarsa ta ƙare, Fesbuk kuwa ko da sabis kaɗan yana buɗewa.

A hanya na yi ta tunani. Da labarin ya tsaya a shafinmu, da wa zai karanta wa Inna Bushra? To, ban ce bai yi amfani ba. Amma da ya bar sunana, da kwalbatin ya ƙi ginuwa ne? Yaronsa! Ƙulin ma na ba ɗan kabu-kabu.

Laraba, 11 ga Disamba

Zaman farko a Babbar Kotun Tarayya, Gusau. Ba a yi komai ba, an ɗaga zuwa Fabrairu. Ɗan Asabe ya zo da malum-malum kamar mai zuwa ɗaurin aure, da tawagar 'yan kara. Yana hango ni ya ɗaga hannu, "Bawana, ka karya kumallo?" Na yi kamar ban ji ba.

Juma'a, 17 ga Janairu, 2025

An yi sunan jikar Goggo a Bakura. A bakin maƙwabta muka ji. Suwaiba ta ce ko goro ba a aiko ba. Na ce haƙorana sun huta.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Yau na ba da shaida. Zan rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara shi a raina ba.

Tun a baranda Ɗan Asabe ya fara. Ya wuce ta gabana yana ɗingishi, yana riƙe da ƙaurinsa yana "wayyo salansa", 'yan kara na ƙunshe dariya. Ciwon da na ji a kan labarin da ya sata, shi yake kwaikwayo. Ga Goggo kuma a benci na baya, ban san za ta zo ba.

Aka kira ni, na riƙe Alƙur'ani da alwalata na yi rantsuwa. Barista Anwar ya gama nasa ba matsala. Sai lauyansu ya tashi, wani dattijo mai sanyin murya, tafinta na juyawa. Ya ce mene ne tsakanina da wanda ake ƙara? Na ce ɗan ƙanwar mahaifina ne. Ya ce wato taubashi. Ya ce a al'adarmu, taubashi na neman izini kafin ya ɗauki kayan taubashinsa? Kafin in amsa ya ce to bari ya sauƙaƙa mini: akwai wasa tsakaninku ko babu?

Na dubi Ɗan Asabe. Murmushi yake, har ya kashe mini ido ɗaya. Ya tabbata nan ya kama ni, don ya san ba wanda zai iya musun wannan. Wallahi har zuciyarsa ya ɗauka hujja ce, irin wadda alƙali zai ji ya sallame shi.

Na ce, "Babu. Babu wasa tsakanina da shi. Ban san shi da komai ba sai sata."

Tafinta ya tsaya ya dube ni kafin ya juya maganar. Murmushin ya ɗan jima a fuskar Ɗan Asabe, kamar ya manta da shi a wurin, sa'an nan ya sunkuyar da kai. Na ji motsi a baya, Goggo ce ta tashi ta fita.

Da muka fito Barista ya dafa kafaɗata ya ce na yi ƙoƙari, amma ba ma sai na ce haka ba. Wai rahoton mallakar jarida ne, ko da akwai wasa ko babu, ba ni da ikon ba da izini, tambayar ba inda za ta kai su. Da na ce akwai wasa amma bai shafi aiki ba, da ya wadatar. Yanzu yake gaya mini! Lauyan banza, yana can yana kaɗa biro.

Ba na nadama. Shi ya fara.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ban fita ba. Suwaiba ta ce, "Da Alƙur'ani a hannu, Malam?" Na ce ta bar ni. Ai ba ƙarya na yi ba, daga lokacin da na faɗa babu ɗin ne.

Laraba, 12 ga Maris

An sasanta, alƙali ya amince. Lauyansu ne ya nema, an ce Ɗan Asabe da kansa ya ce masa ya gaji. Zai sauke duk abin da ya kwasa daga Bakin Gulbi, ya nemi afuwa a shafinsa. Nan gaba kanun labari da layi biyu kawai zai ɗauka, da sunan marubuci, da adireshin da zai kai mutum shafinmu. Hajiya ta yafe diyya, ta ce ba abin da take nema ke nan ba. Ta kira ni tana murna, ta ce za ta tura ni Bakura rahoton shinkafar rani.

Neman afuwar ya fito bayan la'asar. Gajere, babu alamar dariya ko ɗaya. "Rahoton hanyar Janbako aikin Malam Zubairu Nagode ne, shi ya je, shi ya rubuta, shi ya ɗauki hotuna. Ban je ba." Na karanta ya fi a ƙirga. Abin da nake nema ke nan tun Satumba. Azumi ne ya sa ban ji daɗinsa sosai ba, ina ga.

Litinin, 31 ga Maris

Washegarin Sallah. Na je Bakura gaishe da Goggo, ko za ta kore ni ta kore ni. Ba ta kore ni ba. Ta amsa daga cikin ɗaki, labule a sake, ta ce a ba baƙo ruwa.

Ina fitowa muka yi kiciɓis da Ɗan Asabe a zaure. Na shirya, na ɗaure fuska, ina jiran abin da zai jefo. Sai ya cire takalmi ya ɗan rusuna, ya miƙo hannu biyu. "Malam Zubairu, barka da Sallah. An sha ruwa lahiya? Ina gajiya? Ina iyali? Ina aiki? Madalla. Allah shi maimaita muna." Gaisuwa cikakkiya, ba ya ko haɗa ido da ni, irin wadda ake yi wa surukin da ba a saba da shi ba. Ya matsa gefe ya ba ni hanya.

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai yau. Na girme shi da wata uku kacal, rusunawar me? Iskanci ne sabo ya ɓullo da shi, na gane.

Litinin, 7 ga Afrilu

Rahoton shinkafar rani ya fito. Da hantsi ya kira, ya yi sallama, ya gaishe ni tsaf. Ya ce yana neman izini ya ɗauki kanu da layi biyu. Na ce ai yarjejeniya ta ba ka, ba sai ka tambaya ba. Ya ce ya fi son ya tambaya.

Na ce masa, dillalin da bai san bambancin shinkafa da ciyawa ba, wa zai karanta masa layi biyun? Haka kawai ta fito, ban shirya ba. Na saurara. Ina jin kukan awaki a bayansa, ina jin numfashinsa. Ya ce, "Gaskiya na, Malam. Na gode." Ya kashe.

Ya sa yadda aka ce, sunana a sama ɓaro-ɓaro. Mutum nawa suka bi zuwa shafinmu, ban duba ba.

Gobe kasuwa. Ba ni da abin saye a kara, kuma ba hanyata ba ce. Zan dai bi ta can in ga farashin shanu, wataƙila a yi rahoto.